Baƙi Masu Jiƙaƙƙun Riguna

Ajiye kwalin littattafan nan tukuna, Lantana, ki zauna. Tunda gobe za ki fara zama gaban jama'a kina sa wa littafinki hannu, bari in ba ki misalin wani mutum.

Malamin firamare ne. Ya shekara shida yana rubuta littafinsa na fari, labarin wani masunci da ya nutse a tafki, ya tarar da gari sukutum a ƙarƙashin ruwa, ya kwana bakwai a cikin mutanen garin kafin su sako shi. A kan tabarmar ɗakinsa ya ƙaga labarin, shi da ko iyo bai iya ba. Da aka buga, ya ɗauki kwali ya tafi bajekolin littattafai a Kano, aka ba shi tebur a lungun da ake jibge kujeru. Kwana biyu yana zaune da biro a hannu, mutane na wuce shi kamar ba su ga kowa ba. Rana ta uku wata mata ta ɗaga littafin, ta juya bayansa, ta tambaye shi ko da gaske abin ya faru. Ya dubi kwalinsa cike maƙil, ya ce, "Hajiya, ai ni ne masuncin." Kafin la'asar babu ko ɗaya da ya rage.

Daga nan baki ya buɗe. A taron marubuta na Katsina ya kama sunan tafkin, wani tsohon tafki da ke bayan ƙauyensu, wanda bai taɓa ƙafewa ba. A Zariya ya naɗe ƙafar wando ya nuna tabon ƙunar salansar babur, ya ce shaidar da mutanen ruwa suka yi masa ce. A gidan rediyo har gaisuwarsu ya kwaikwaya. Matarsa ta ce, "Malam, abin da ba ka sani ba, ka daina kiran sunansa." Ya yi dariya ya ce ita ba ta san talla ba.

Wata rana cikin bazara aka gayyace shi wani ƙaramin gari, aka shirya zaman sa hannu a zauren makaranta da tsakar rana. Zafi ya ishi kowa, mutane sai fifita suke da abin da ke hannunsu. A ƙarshen layi akwai wasu mutum goma, maza da mata, ba mai fifita a cikinsu, ba mai magana. Na farkonsu ya ajiye littafi, sai marubucin ya ga littafin ya kumbura kamar wanda ya kwana a randa. Ya ɗora biro, tawada ta baje a takardar. Na biyu ma haka. Ya sunkuya ya duba ƙasa, ya ga bakin rigunansu na ɗigar da ruwa a kan siminti, warin laka da gansakuka ya cika masa hanci. Na ƙarshensu dattijo ne, bai riƙo littafi ba. Ya durƙusa cikin ladabi ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Mun ji kana faɗa wa duniya ka kwana bakwai a wurinmu. Mun bi gida gida mun tambaya, ba wanda ya tuna ya sauke ka. Abin ya dame mu, don ba mu saba baƙo ya zo ya tafi ba a san shi ba. An share maka ɗaki. Yaushe za ka zo?"

Lantana, a nan ne Allah ya ba shi ƙofa. Kalma biyu ce tsakaninsa da tsira: ƙarya nake. Har ya buɗe baki. Sai ya dubi zauren, ga shugaban makaranta, ga ɗalibai, ga duk waɗanda suka sayi littafin sun zuba masa ido. Kunya ta riƙe masa harshe. Ya yi yaƙe ya ce, "Ina nan tafe." Dattijon ya yi godiya, suka fita a jere. Da ya leƙa waje bai ga kowa ba, sai sawun ƙafa jiƙaƙƙu da rana ke shanyewa.

Ya koma gida ya tara sauran littattafan bugu na biyu zai ƙona, suka ƙi kamawa, duk sun yi danshi. Ya koma rediyon ya rantse ƙagawa ya yi, masu sauraro suka ce ai gargaɗinsa aka yi don kada ya ƙara tona asiri, littafin ya ƙara kasuwa. Ruwa ya fara tsattsafowa daga daɓen ɗakinsa, daidai inda yake shimfiɗa, alhali rijiyoyin gari duk sun ja baya. Ya ƙaura gidan wansa, daɓen can ma ya jiƙe. Ya daina cin abinci, ya daina fira, sai ya zauna ya karkata kai kamar mai sauraren sallama daga nesa. Wata safiyar Laraba ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya ce wa matarsa ana jiran sa. Ta riƙe masa hannu tana kuka, ta ji shi sanyi ƙalau, ya zame ya fita. Matan da ke wanki a bakin tafkin sun gan shi yana shiga ruwan a tsaye, a hankali, kamar mai sauka daga matakala. Masunta suka yi kwana uku suna jan koma, ko hularsa ba su samu ba.

To, 'yata, ki yi tallar abinki, ba laifi ba ne. Amma ki san abin da bakinki ke kira, don Hausawa ba su faɗa a banza ba: tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.