Gahawa Babu Sukari

Tun da dogayen benaye suka cinye rabin unguwar su Ozoda a birnin Tashkent, tsohon shagon shayi ya koma na 'yan gayu. Ozoda ba ta taɓa shiga ba sai yau da saurayinta Jahongir ya gayyace ta karin kumallo.

Suna zama, Nigina mai shagon ta dire masa gahawa da gurasa mai zafi tun bai tambaya ba.

"Babu sukari, kamar kullum," ta ce tana murmushi.

Ozoda ta raka ta da harara.

"Kamar kullum, Yaya Jahongir? A gidanmu dai koren shayi kake sha."

Ya sunkuyar da kai. "Ɗakunan saman nan nake lallaɓa ta ta ba ni haya. Ba na so aure ya raba ki da unguwarku. In kin amince, jibi iyayena za su zo gidanku neman aurenki."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta janye gahawar daga gabansa.

"Su zo. Amma ka nemi wani gidan. Ba zan zauna a gidan macen da ta riga ni sanin abin da bakinka yake so ba."