Batirin Da Ba Ya Kwana

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Sha'aban, aka soma wannan zalunci a kasuwar da kake shugabanta, Alhaji. Ba zan kama suna ba. Misali zan ba ka, kamar yadda na saba ba ɗalibai lokacin da nake riƙe da alli, sai ka auna da kanka.

Akwai wani direba mai tsohuwar akori-kura. Fentinta ya koɗe, ƙofarta sai an ɗaga kafin ta rufu, amma injinta lafiya lau. Sana'arsa ɗaya ce: ya gangara fadama da sassafe, masu lambu su loda masa kwandunan tumatir, ya kai kasuwa kafin rana ta yi zafi. Ba kyan mota suke bi ba. Sun dai san idan ya ce zai kai, zai kai. Da batirinsa ya gaji, sai ya je wurin wani mai shago, ya ce a ba shi mai sauƙin kuɗi wanda zai iya da tsohuwar mota. Mai shago ya ture sababbin da ke cikin leda gefe, ya jawo wani na hannu da aka wanke tas. Ya ɗauki guntun waya ya haɗa kawunan biyu, tartsatsi ya tashi, har direba ya ja da baya. "Ka ga wuta, Baba? Wannan ko tirela ce sai ya tayar da ita." Direba ya biya, ya bar masa tsohon nasa a kan ciniki kamar yadda aka saba. Abin da bai sani ba, a safiyar nan aka sauke batirin daga kan caji. Na sha ganin irinsa a aji: ɗalibin da ya haddace amsa a bakin ƙofa, ya zuba maka ita tiryan-tiryan, gobe ka tambaye shi ya tsaya yana kallon rufi.

Washegari sai da maƙwabta suka tura motar kafin ta tashi. Ya ce ko sanyi ne. A fadama aka loda mata kaya har sama, tana fitowa ta shiga taɓo, injin ya mutu. Ya murɗa makulli, ba abin da ya ji sai ƙyas-ƙyas. Wa zai tura mota da lodi a cikin taɓo? Rana ta ɗaga, tumatir ya soma laushi, ruwansa na ɗiga ta ƙasan kwanduna, masu lambu suna tsaye suna kallon gumin watanni yana tsiyayewa. Da ya mayar da batirin, mai shago ya ce ya je ya yi salla ya dawo. Kafin ya dawo an ɗora shi a caji ta bayan shago. Mai shago ya fito da shi gaban mutane, ya sake haɗa waya, wuta ta tashi. "Jama'a, ku gani! Batir ƙalau yake. Baba, motarka ce ta kai a yi mata sutura." Aka kwashe da dariya. Maganar ta riga shi isa fadama, masu lambu suka miƙa kayansu ga wani direban.

Mai akori-kura bai yi zagi ba, bai kuma haƙura ba. Ya ari batirin maƙwabcinsa ya ɗaura, murɗa ɗaya motar ta tashi. Ya je wani shagon ya sayi sabo daidai ƙarfin injinsa. Da aka ɗauko waya za a nuna masa wuta, ya ce a ajiye, shi alkawari yake so: in gari ya waye bai tayar da mota ba, zai dawo da shi. Tun daga ranar motar ba ta sake neman turi ba. Amma kwando ko ɗaya bai dawo ba, domin ba mai ɗora amfanin gonarsa a kan motar da aka kira gawa. Sai ya ɗauki batirin rigimar ya koma kasuwa, ya dire shi gaban mai shago, maƙwabtan shago suna ji. "Maigida, ka ce ƙalau yake. Na ba ka kyauta. Ka ɗaura a motarka, ta kwana a nan." Idon jama'a ya hana shi ƙi. Da safe kasuwa ta taru. Mai shago ya shiga motarsa mai ƙyalli, ya murɗa makulli. Ƙyas-ƙyas. Ya sake murɗawa. Ko fitila ba ta kama ba.

Yanzu mai shagon yana aike a ɓoye wai a zo a sasanta. A'a, Alhaji. A bainar jama'a ya ɓata sunan motar bawan Allah, a bainar jama'a zai wanke ta. Ka sa shi ya gangara fadama da ƙafarsa, lokacin da ake lodi, ya tsaya gaban masu lambu ya ce batirinsa ne mataccen, ya nemi gafarar direban da babbar murya yadda na ƙarshen layi zai ji. Ni na yi ritaya, ba inda nake sauri. Kullum za ka same ni a kan wannan benci har sai an yi. Ka kuma gaya wa sauran masu wasa da waya abin da magabata suka faɗa: ramin ƙarya ƙurarre ne.