Safiyar da Aka Hana Auta

Auta ya koma bakin tanderu da 'yar ragar ƙarfe a cikin jijiyar zuciyarsa. Ƙanena ne. Furfura ta cinye masa kai, jikoki na hawa masa wuya, amma mu a gida Auta muke ce masa. A gidan burodi yake aiki, shi ke zura faranti cikin wuta, shi ke fito da shi.

Ta wuyan hannu aka zura masa ragar, ta buɗe jijiyar da ta toshe. Ranar sallama ina tsaye a gefen gado, da kunnena na ji abin da likita ta ce.

"Baba, wannan ba warkewa ba ce, hanya muka buɗe. Jijiyar tana iya sake tsukewa a cikin ragar, a hankali, ba ka sani ba. Ka sha maganinka, kuma ka riƙa zuwa muna ɗibar jini. In sukari ya hau, ko kitse, ko alamar kumburi, za mu gani mu gyara magani tun da wuri. Da safe za ka zo, kafin ka sa komai a baki."

Da safe. To ai burodi da safe yake fita. Motocin ɗauka na jere a waje suna ta hon, kuma ƙa'idar gidan ɗaya ce: wanda bai zo da safe ba, sai a kira ɗaya daga cikin masu jiran aiki a bakin ƙofa a ba shi rigar aikinsa. In ya iya, wurin ya zama nasa.

Da ranar gwaji ta matso, Auta ya cire hula ya shiga wajen Manaja.

"Ranka ya daɗe, safiya ɗaya nake roƙo, za a ɗibi jinina."

"Ba an riga an yi maka aikin ba?"

"An yi. Dubawa ce."

"Ga ka nan garau, ka fi ni ƙarfi. Mai lafiya me ya kai shi asibiti? Da ka kwanta asibiti na riƙe maka wurinka, ban ba kowa ba. In kuma har yanzu ba ka da lafiya, faɗa mini, in san abin yi."

Auta ya gane maganar. Ya ce lafiyarsa lau, ya mayar da hularsa.

Ba zama ya yi ba, kada wani ya ce sakaci ne. Ya je da rana bayan an tashi, aka ce ya ci abinci kuma an rufe ɗibar jini. Ya je ranar hutunsa, ɗakin gwajin a kulle. Daga nan ya daina zuwa.

Abokan aiki kuwa sun samu abin dariya. Suka sa masa Mai Waya, saboda ragar ƙarfen da ke ƙirjinsa.

"Mai Waya, matsa daga wuta kada ka narke!"

"Ni yanzu sabon inji ne," in ji shi. "Ku tsofaffin gwangwani ku ji da kanku."

Watanni suka wuce. Matarsa ta fara lura yana tsayawa a tsakiyar matakala, hannu a bango.

"Baban yara, mene ne?"

"Zafin tanderu ne."

"A matakalar gida akwai tanderu?"

"Ke dai kawo ruwa."

Na je na same shi, na yi masa faɗa irin na yaya. Ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Yaya, in suka ba wani rigata, maganin da nake sha ke za ki saya?"

Wata safiya ya fito da faranti, ya ajiye, ya zauna a kan buhun fulawa. Gumi ya jiƙe shi. Ya ce wa na kusa da shi, "Fitar da na ƙasan, zai ƙone." Maganarsa ta ƙarshe ke nan. A motar burodi aka kai shi asibiti, tsakanin kwanduna.

Likitar nan dai ce. Ta ce jijiyar ta tsuke a cikin ragar, ba jiya ta fara ba. Sukarinsa ya daɗe da hawa babu wanda ya sani. Ta ce ba za ta rantse cewa gwaji zai tsare shi ba, amma da sun gani da sun motsa. Ta tambaye ni ina ya shige duk wannan lokacin. Na ce yana gasa burodi.

Ban yi kuka ba, har yanzu bai zo ba. Bayan an watse daga zaman makoki na je gidan burodin. Wani ne a bakin tanderu, cikin rigar Auta, ta yi masa yawa.

"Mama, sai haƙuri," in ji Manaja. "Kwana ne ya ƙare."

"Na san kwana, na girme ka. Safiya ya roƙa, ita na zo tambaya."

Ya sa aka ɗauro mini burodi a leda. Na bar masa abinsa a kan tebur. Na kai ƙara ofishin ƙwadago, sun ce in dawo, na dawo, sun ce in dawo. Zan yi ta dawowa, ni babu mai ba wani rigata.

Jama'a, duk wanda aka sa wa raga a zuciya bai gama da asibiti ba, ko da yana jin ƙarfi kamar doki. Ya je a duba jininsa ranar da aka ce. Ku kuma masu ɗaukar mutane aiki, in ma'aikaci ya roƙi safiya don ganin likita, ku ba shi. Hana shi zalunci ne, kuma za a tambaye ku.