Layi Na Goma Sha Bakwai

Kwamfutar ta gama zagayen lissafi dubu goma, amsar ba ta canza ba: babu tabbacin cewa rufe masaƙa ne ya jawo wa ma'aikatanta ciwon da ya kwantar da su.

"Mutum arba'in kacal kika samu," malamin ya gaya wa ɗalibarsa. "Su ɗin dai na'urar ke ɗebowa ta mayar, ta sake ɗebowa."

"Malam, a ƙara zagayen mana."

"Ko miliyan aka yi, 'yata, ba za su ƙaru ba."

Ta zuba wa allon ido. A jerin ma'aikata arba'in ɗin, layi na goma sha bakwai babanta ne, wanda aka binne watan jiya. A wani ɗiban ya fito sau uku, a wani kuma babu shi.

Ta sake danna maɓallin. Ta daina neman tabbaci, so take kawai babanta ya dawo.