Tangaɗin Kwalekwale

Sai da ruwan tafkin Ganbiye ya rufe mata kai ta gane inda lissafinta ya karkace.

Shekara shida tana neman abin da ya hana sararin samaniya tarwatsewa. Duk sanda ta tsayar da taurari cak a lissafi, sai komai ya rushe. Saura kwana tara ta kare digirinta a Kwatano, ta gudo gida wajen mahaifinta masunci.

"Tashi ki riƙe min taru," ya ce mata a kwalekwale.

Ta miƙe, ta sandare don kada ta motsa. Sai ga ta tsulum a ruwa.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Malamar taurari, wa ya ce ki ƙage? Jirgi ya karkata, in karkata masa, haka muke shekara hamsin."

Ashe taurarinta ma tangaɗin suke bukata. Ta ɗago tana furzar da ruwa, tana dariya.

"Baba, akwai biro?"

"A tafki?"

Ta koma cikin kwalekwalen. Da gawayin gasa kifi ta rubuce jikin filafilin tuƙinsa kaf da lissafi. Shi kuwa da tafin hannu ya tuƙa su gida, don kada ruwa ya wanke rubutun.