Ƙwararren da Ke Cikin Ofis

Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, kwamfutar da ke tuƙa injin surfani ta yi baƙi, ta rubuta layi ɗaya tak: babu tsarin aiki. Rabiatou ta kashe ta kunna har sau biyar. Riguna ɗari da arba'in na jibge a shagon nan na unguwar Ganou a Parakou, kowace da mai ita.

Kwamfutar ta girmi Rabiatou da shekara guda. Mahaifinta, Alhaji Hachimou, shi ya ɗauko ta tare da injin daga tashar jirgin ruwan Kwatano, kuma injin bai taɓa jin yaren kowa ba sai Windows 95. Bara da Rabiatou ta dawo daga karatun kwamfuta ta karɓi shagon, ta ce wa tsohon ya koma Djougou ya huta, zamani ya canza. Ya naɗe tabarmar sallarsa ya tafi. Don haka kiransa ba ya cikin lissafi.

Ta zagaye masu gyara na Parakou. Wani ya tambaye ta ko gidan tarihi za ta buɗe. Wani ya saka mata sabon tsari, injin ya ƙi ko motsi.

A bayan injin akwai lambar kamfanin da ya ƙera shi, can Turai. Wata mata mai suna Madam Odile ta ɗauka, ta saurara, ta ce sun daina kula da wannan samfurin tun ita kanta tana firamare. Sai dai bari ta duba tsohon fayil ɗin injin.

"Ne quittez pas," in ji ta da Faransanci, wato kada ki ajiye waya. Kiɗa ya biyo baya, minti huɗu.

Da ta dawo ta ce an dace, akwai ƙwararre guda da ya rage. Ya ce a buɗe ƙaramar ƙofar ƙasan injin, a laluba ta sama. Rabiatou ta durƙusa ta laluba. Disket goma sha uku, irin faya-fayan kwamfutar da, naɗe cikin leda, an ɗaure da roba. Ta jinjina wa Turawa. Ba sa yin abu da ka.

Haka suka yi kwana shida. Ta yi tambaya, a sa mata kiɗa, amsa ta zo. Disket na bakwai yana gardama, a hura shi a sake sakawa. In allon ya tsaya cik, kada a taɓa, a ba shi kamar tsawon dafa shayi. Ƙwararren ba ya samuwa wajen ƙarfe biyu, ran Juma'a kuwa tun sha biyu. Rabiatou ta ce a ranta, Bature dai ba ya wasa da cikinsa. Ta nemi a haɗa ta da shi kai tsaye, Madam Odile ta ce shi ya fi son a bar abin haka.

Ranar ta bakwai allurai suka fara rawa. Rigar ƙarshe ta bar shagon ranar jajibere.

Washegarin Sallah tana Djougou, a tsakar gida, ana cin sakwara da naman rago. Ta ba da labarin tas, ta ɗan ƙara gishiri.

"Baba, ka ga amfanin bin hanya. Kamfani na kira kai tsaye. Mutumin nan ya san injin kamar shi ya haife shi."

"Madalla," in ji Alhaji Hachimou, ya kai loma.

"Ba ka yarda ba ke nan. Tsaya ka ji. Dama akwai allura ta huɗu da ke tsinka zare."

Ta latsa lambar, ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji, ta ajiye ta kan tabarma. Madam Odile ta gaishe ta kamar tsohuwar ƙawa, ta ji tambayar.

"Ne quittez pas."

Kiɗa ya cika tsakar gida. Alhaji Hachimou ya tsoma hannu a kwanon ruwa ya wanke, ya goge a hankali, ya sa a aljihun babbar rigarsa ya zaro wayar da ta fara ƙara, ya ce, "Matar nan ko a bikin Sallah ba ta barin mutum ya ci abinci."