Kunama a Rigar Mushe

Daga rufin zana kunama ta faɗo kan rigar Mushe Rashidu, malamin lakwal, shi ko ya ba aji baya yana rubutu. Sa'adiyya ta gani. Kuncinta na nan a kumbure, jiya ya mare ta don ta yi Hausa a aji.

Ta naɗe hannu ta zuba ido. Kunama ta kai wuya, ta yi aikinta.

Mushe na birgima cikin rairayi. "Ke ɗiyar ga, kina gaba, ba ki faɗa mini ba?"

"Mushe, ban san sunanta da Faransanci ba."

Bawan Allah ya sunkuyar da kai, har da jin kunya.

Ta sani sarai. Duk ajin ita ke zuwa ta ɗaya.